Ranar Cin Ƙwai

"Gobe kowa ya zo da ƙwai ɗaya," in ji Ma'u, ɗalibar jinya da aka turo daga Zariya ta koya wa yaran elementaren En'e ta Birnin Gwari cin abinci mai gina jiki. Baturiyar da ke koyar da su Ma'u za ta zo duba aikinta, in bai yi ba sai ta maimaita shekara.

Hajjo, tsohuwar da ta sauke ta, ta taɓe baki. "'Yar nan, a garin nan ba a ba yaro ƙwai, ɓarawo yake zama. Ba uwar da za ta ba su."

"Camfi ne kawai, Inna."

Washegari yara ashirin da bakwai suka zo, kowa da ƙwansa. Aka dafa, suka cinye tas. Baturiya ta rubuta cewa kan iyayen garin ya waye, ta shiga motarta ta tafi.

Ma'u ta koma masauki baki har kunne. Ta tarar da Hajjo tsugune bakin akurki, kaji na ta kyarkyara, ƙwai kuwa ko ɗaya babu.

"Inna, kin gani? Duk sun ci, ba abin da ya same su."

Hajjo ko ɗagowa ba ta yi ba. "Gaskiyarki, 'yar nan, ba cin ke sa su sata ba. Waɗannan tun kafin su ci suka fara."