Tayar da Ba Ta Kwanciya

Ka tambaye ni ko irin tayar nan da ba ta kwanciya idan ta yi faci alheri ce ga mai mota. Saurari abin da ya sami wani malamin dabbobi, sai ka auna da kanka.

Mutumin a gari yake zaune, amma rabin kwanakinsa a hanya suke ƙarewa, daga ruga zuwa ruga yana yi wa shanu allura. Ya sayi mota 'yar Kwatano mai irin waɗannan tayoyi. Gefensu kauri ne da shi, ko iska ta fice suna iya ɗaukar motar zuwa wani ɗan nisa, shi ya sa masu ƙera ta ba su sa mata safaya ba, ko wurin ajiye ta babu a but. Tauri kuwa ba a magana, duk ramin da ya faɗa sai ya ji shi a ƙugu, matarsa ta yi ta mita. Wata rana da hantsi suna dawowa daga suna, shi da ita da 'ya'yansu mata biyu, suka shiga wani daji da ko direbobin haya ba sa yarda su tsaya a cikinsa. Bai ankara ba ya taka katako da aka jera wa ƙusoshi aka shimfiɗa a kan kwalta. Wata 'yar fitila mai nuna iskar taya ta ragu ta kama a gaban sitiyari. Ta madubi ya hango mutane suna tasowa daga gindin itatuwa, suna jiran motar ta durƙusa. Ba ta durƙusa ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, matarsa tana ta salati, har suka fita daga dajin suka ga rumfunan 'yan kasuwa. Tun daga ranar matar ba ta ƙara kukan tauri ba, shi kuma ya ba tayar nan amanar da ba a ba abin da aka ƙera da hannu.

Washegari ya kai ta wurin wani dattijo mai faci. Dattijon ya cire ta, ya shafa cikinta, ya nuna masa inda robar ta fara dagargajewa kamar garin gawayi. Ya ce, "Malam, wannan ta gama aikinta da ta kawo ka gida. Ba ta facina ba ce. Ka nemi sabuwa." Malamin ya dube ta, ga ta a tsaye ƙyam kamar babu abin da ya same ta. Da ya bincika aka ce irinta sai babban birni, ga tsada, ga jiran kwanaki kafin a aiko. Sai ya wuce wurin wani mai facin da ba ya musu da mai mota, aka toshe hujin aka ɗura iska. Ya ce wa ransa sai ƙarshen wata. Wata ya ƙare, wani ya kama. Kullum da safe yakan tsaya a ƙara mata iska, har abin ya zame masa kamar gaisuwa. Fitilar ta dinga kamawa, idonsa ya saba da ita, ya daina ganinta.

Ana nan ran wata Alhamis da safe ƙanensa ya kira shi daga ƙauye, ya ce jikin mahaifinsu ya tsananta, sunansa kawai yake kira. A ranar ne malamin ya tashi neman taya. Ya zaga shagunan garin kaf, babu irinta. Ya ce to a ba shi safaya ko ta gama-gari ce, aka rasa wilin da ya dace da motarsa. Rana ta take yana tsaye a kasuwa, sai ya ce Allah ya tsare, ya kama hanya a haka, da gudun da tayar ba ta iya ɗauka. Bai ci rabin tafiyar ba ya ji motar tana fizga. Tayar ba ta sace a hankali kamar sauran tayoyi ba, yagewa ta yi gaba ɗaya, robar ta watse a kan kwalta, ƙarfe ya dinga kartar ƙasa. Ya fito ya buɗe but, ko da yake ya san babu komai a ciki. Ya tsaya a gefen hanya yana ɗaga hannu, motocin haya suna wucewa maƙil da mutane, wayarsa tana ta ƙara a aljihu ya kasa ɗauka. Da ƙyar wata babbar mota mai lodin albasa ta tsaya, ya hau bisa buhuna.

Bayan La'asar ya sauka a bakin ƙauyensu. Tun daga nesa ya ga ayarin maza suna dawowa ta hanyar maƙabarta, ƙafafunsu duk jar ƙasa, mutum biyu suna ɗauke da makara babu kowa a cikinta. Ƙanensa ya fito daga cikin ayarin ya kama hannunsa. Ya ce, "Yaya, duk motar da ta wuce sai Baba ya tambaya ko kai ne." Malamin ya zauna a ƙasa a nan inda yake tsaye.

To, ka ji. Tayar ba ta yaudare shi ba. Ta cece shi da iyalinsa a ranar tsoro, ta kuma ara masa lokacin da zai gyara lamarinsa, shi ne ya ɗauki aro a matsayin kyauta. In za ka sa irinta ka sa, amma ka san inda za ka sami madadinta tun kana cikin natsuwa, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.