Masaukin Baki

Kai da ka zo kana cizon yatsa don aiki bai fita yadda ka tsara ba, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani direban babbar mota da ya gaji da hanya, ya ajiye tuƙi, ya kwashe duk abin da ya tara ya gina ɗakuna a bakin titin garinsu, don matafiya su riƙa kwana. Da gini ya kammala sai ya je wurin mai rubutun allo, ya ce a rubuta masa MASAUKIN BAƘI. Shi mai rubutun nan yana da fallayen gwangwani da ya huda siffar kowane harafi a jiki. Sai ya goge katako sumul, ya jera fallayen a kai, ya tsoma soso a fenti yana dangwalawa. In ya ɗaga, ga rubutu tsaf kamar na inji. To, cikin fallayensa babu Ƙ mai ƙugiya, K yake bugawa, sannan ya ƙara ƙugiyar da ɗan buroshi. Ran nan yana ɗaga falle na ƙarshe aka zo masa da albishir matarsa ta sauka lafiya. Ya miƙa allo, ya sheƙa gida. Aka kafa shi haka nan: MASAUKIN BAKI.

Masu kwana kuwa shiru, don motoci da rana suke ratsa garin, kowa sauri yake ya isa gida. Tsohon direba ya yi tagumi a ƙofa, har ya fara rama. Wata rana motar fasinja ta tsaya zuba ruwa, wani fasinja ya karanta allon, ya tuntsire da dariya, ya ce, "Maigida, to ga bakin ya sauka, ina abin sa masa?" Kunya ta kama mutumin, yana ta kame-kame, sai ga matarsa ta fito da ƙwaryar dambun zogale da ta yi wa gida. Fasinjoji suka yi masa tas, har da suɗe hannu. Kashegari motar ta sake tsayawa, jibi da wasu biyu a bayanta. Kafin damina ta wuce an fitar da gadaje an shimfiɗa tabarmi, tukwane na tafasa tun hantsi, 'yan unguwa ma sun samu aikin tuƙa tuwo.

Mai rubutu ya zo wucewa, ya ɗaga kai ya ga aikinsa babu ƙugiya. Ya dawo da buroshi da fenti yana ta ba da haƙuri. Maigida ya riƙe masa hannu ya ce, "Malam, ajiye buroshin nan. Wanke hannu, ga tuwo da miyar kuka."

Irin wannan ne Bahaushe ke cewa, faɗuwa ta zo daidai da zama.