Ƙunshin Baba Tanko

Sai da na shekara hamsin da huɗu aka fara yi mini ƙunshi. Tun da aka gano karan shinkafa in ya ruɓe a fadama guba yake saki, doka ta ce a kwashe shi. Ni kuwa, sarkin dabara, na ci gaba da binne nawa ya zama taki. Yanzu a ƙofar kasuwa farce ake dubawa. Duk manomin da aka ga farin layi a farcensa, alamar gubar ta shiga jikinsa, an rufe gonarsa ke nan.

Nawa ya fito ranar Talata. Matata Lantana ta kwaɓa lalle, ta ƙunsa mini yatsu don ya rufe layin.

A layin shiga kasuwa na cusa hannu cikin aljihu. Ma'aikaciyar da ke duba farce ta kama yatsuna ta juya su.

"Baba Tanko, yaushe ne ɗaurin auren?"

"Maganin kaushi ne, 'yata."

"Yau kai ne mai kaushi na tara." Ta ɗauko reza ta kankare farcen babban yatsana. Layin ya fito fari tas. Ta sa aka ja buhunana gefe. "A gida wa ke cin shinkafar nan?"

"Ni da mai ɗakina."

"Ka kawo ta gobe, kafin ta yi lalle."

Na dubi lallen hannuna. Tun tana budurwa Lantana ba ta son warin lalle, amma wata huɗu ke nan hannunta bai rabu da shi ba. Ni duk a zatona kwalliya take yi mini.