Masu Dubiya da Inji a Bayan Babur

Ajiye takardar nan tukuna, ɗana. Tun ɗazu kake zura wa gurbin nan ido, inda aka ce ka rubuta sunan mutum biyu da za su tsaya maka, kana ta cewa shekarun da ka yi a kwance sun sa duniya ta manta da kai. Bari in ba ka wani misali, in na gama sai ka ɗauki bironka.

An yi wani makaniki a wani gari na bakin fadama, gwanin gyaran injin ban-ruwa. Wata rana yana tsugune gaban aiki ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sai ɗauko shi aka yi. Shekara shida yana kan tabarma a zaure, hannun da ya saba riƙe sifana ko cokali ba ya iya ɗagawa, matarsa ce ke riƙe da gidan da tuyar ƙosai. Kunnensa dai garau. Manoman rani kuwa ba su ɗauke ƙafa ba. Mutum zai yi sallama ya ce dubiya ya zo, ya yi ya jiki, ya yi Allah ya ƙara sauƙi, can sai ya sosa ƙeya ya ce af, ga ma injinsa ɗaure a bayan babur, hanya ce ta biyo da shi. Sai a sauke injin a ƙofar zaure a ja igiya. Makanikin ya karkata kai ya saurari tarinsa, ya ce a kwance nan, a hure can, waccan robar ta mutu a sake ta. Mai inji ya yi da hannunsa, inji ya tashi, a yi addu'a a watse. Shi kuwa bawan Allah, in sun tafi sai ya share ƙwalla. A zatonsa tausayi ne ke sa su kawo masa ɗan abin da ko su za su iya gyarawa, don kada ya ji an yar da shi, kamar yadda ake miƙa wa yaro gwangwani ya yi wasa.

Da Allah ya kawo sauƙi ya fara takawa da sanda, hannun ma ya dawo, ko da yake ba kamar da ba. Sai ya ji ƙungiyar manoma ta wani gari na neman mai kula da injinanta kafin a shiga aikin rani. Ba abin da yake so a duniya kamar ya sake shigowa gida da cefane a hannunsa, matarsa ta huta da hayaƙi, don haka ya tafi. Shugaban ƙungiyar ya dubi sandar, ya dubi hannun, ya ce shi bai ƙi ba, amma ba a ɗora gonar mutum ɗari a kan wanda ba a sani ba. Ya ce ya kawo mutum biyu da suka ga aikinsa a 'yan shekarun nan kafin ranar kasuwa ta zagayo, in ba haka ba akwai wani yana jira. Makanikin ya shiga nema. Maigidan da ya koya masa sana'a ya rasu. Garejin da ya yi aiki ya zama shagon cajin waya, abokan aikinsa kowa ya kama gabansa. Wani ɗan kwangila da ya taɓa yi wa aiki ya ƙare masa kallo, ya ce fuskar dai kamar ya santa. Kwana huɗu yana dogara sanda yana ratsa gonakin masu zuwa masa dubiya, albasa da tumatir shar da su, bai taɓa tsayawa ya roƙi ko ɗaya ba. Cewa yake a ransa, me waɗannan suka gani in ban da mutum a kwance?

Matarsa kuwa a ɓoye ta riƙa tsegunta wa manoma zancen, don ka san duk wanda zai sauka fadama da safe sai ya tsaya gaban kaskonta. Ranar kasuwa makanikin ya shirya ya tafi don ya faɗa da bakinsa cewa bai samu kowa ba, don kada a ce gudu ya yi. Yana isa ya tarar da babura jere a gindin bishiyar ofishin ƙungiyar, manoman garinsu goma sha ɗaya zaune a inuwa. Dattijon cikinsu ya ce wa shugaban, "Ranka ya daɗe, an ce mutum biyu kuke so, mun kasa zaɓa. Shekara shida mutumin nan ke shayar da fadamarmu daga kan tabarma." Sannan ya juya ga makanikin ya ce, "Kai kuma Malam, ashe da gaske ka ɗauka dubiya kaɗai ke kawo mu? Ai sai mun zaga makanikan gari sun gaza muke nufo zaurenka. Kunya ce ta hana mu ce wa mara lafiya mun kawo masa aiki." Makanikin ya rasa ko dariya zai yi ko kuka, sai ya haɗa duka biyun. A ranar aka damƙa masa makullin ɗakin injina.

To kai ma, ɗana, ina kallonka duk shekarun nan. Maƙwabtan da suke shigowa duba ka da takardu a aljihu kana cika musu, da shugabar makarantar unguwa da kake tsara mata jarabawa kana jingine da matashin kai, ba wasa suke saka ka ba. Ɗauki bironka ka fara da su, gurbin ma ba zai ishe ka ba. Ai Hausawa sun faɗa, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.