Ƙarƙashin Gadata

Yayana ya kashe tifarsa a bakin gadar, ya leƙo ta taga.

"Ni ba zan hau ba, ina da 'ya'ya. Yarinyar da a wayata ta koyi gini?"

Leburori suka kwashe da dariya. Ranar gwaji ce. Idan mota cike da yashi ba ta haye ba, ba za a karɓi gadata ta farko ba.

Bai yi ƙarya ba. Ina ƙarama nake satar wayarsa in buga wasan gina gada. Motocina sun sha faɗawa kogi, in danna maɓalli in sake daga farko, har ya zo ya fizge abarsa haɗe da ranƙwashi. A jami'a ni kaɗai ce mace a ajinmu. A wurin aiki an sha aikena sayo ruwa, da hular injiniya a kaina. Duk na shanye.

Na gangara, na tsaya a ƙarƙashin tsakiyar gadar.

"Taho, Yaya! In ta faɗi, ni za ta fara samu."

Dariyar ta ɗauke. Can na ji injin ya tashi. Nauyin ya bi ta saman kaina a hankali, ƙura tana zubo min a kafaɗa, har ya ƙetare.

A sama ana ta tafi. Ni kuwa hannuna na duba. Babban yatsana yana ta danna iska, yana neman maɓallin da babu shi a nan.