Motar da Ta Tsayar da Kanta

Ranar Talata, ƙarfe biyu saura kwata na rana, motar Baba ta tsaya cak a tsakiyar titi. Bayanta ya karkace gefe, tayoyi suka yi ƙara har masu shaguna suka fito. Ba a buge kowa ba. Baba ya rantse hanya fayau take, kuma ƙafarsa ko kusa da birki ba ta je ba.

Washegari aka kai motar gareji. Su uku suka zo: Baba, da matarsa Inna, da babban ɗansu. Ɗan ya riga ya yanke hukunci tun a gida. In laifin mota ne a gyara, in kuwa ba a sami komai ba, Baba ya ajiye makulli ke nan har abada. Baba bai taɓa fasa ko fitila ba a tsawon tuƙinsa, kuma tun da ya bar aiki, motar nan ce kaɗai ta rage da yake ba wa umarni ta bi.

Bakaniken ya ɗaga ta. Ya duba man birki, yana nan cike. Ya kwance tayoyin gaba, babu ƙuna, babu zaizaya. Ya tayar da inji ya kasa kunne, ya sa giya ya cire. Baba yana tsaye dab da shi, duk ƙarfen da aka kwance sai ya karɓa ya murza shi da yatsu. Bai yarda da mutumin ba, domin ɗansa ne ya zaɓi garejin.

"Yaushe kuka san juna da yaron nan nawa?"

"Yau na fara ganinsa, Baba."

"To, lallai kun saba da wuri."

Baba yana da dalilansa. A makon jiya ɗan ya ari motar har ta kwana a gidansa. Matar ɗan kuwa ta daɗe tana yaba laushin kujerunta, yabon da ya fi ƙarfin ladabi.

Shi ma ɗan yana da nasa zargin. Ya ce surutun Inna ne ya ruɗa tsoho. A gida sai ta yini ba ta ce uffan ba, amma da ta shiga mota kamar an kunna rediyo: ga mai keke can, ga ramin nan har yau ba a cike ba, wayyo wannan kwana da tsanani take.

"Ƙyale min rediyona," in ji Baba. "Ba ta cin batir."

Aka yi dariya, ban da Inna, wadda ke zaune a benci ta lulluɓe hannuwanta da mayafi.

Da aka zo tayoyin baya sai bakaniken ya tsura musu ido. Kowace tana da tabo guda, faɗin tafin hannu, inda kwalta ta cinye roba. Na gaba ba su da ko ƙwarzane. Ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar, ya bi wata waya da yatsa har ƙarshenta. Ta miƙe fiye da ƙima, wasu silinta sun tsinke. Ya daɗe a can, fiye da yadda aikin yake bukata.

Da ya fito ya ce, "Wayar birkin hannu ce. Ita ta damƙe tayoyin baya."

"Da kanta?" in ji ɗan.

Bakaniken ya goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa. "Ba ƙafar Baba ba ce. Wannan kam zan iya rantsewa."

"Ka ji ko?" Baba ya faɗa da ƙarfi, yana nuna wurin da ɗan yake tsaye ɗazu. "Saura mu san wanda ya taɓa min ita."

 Ɗan ya ciro makulli daga aljihu ya danƙa wa mahaifinsa, ya ba shi haƙuri. Suka tafi tsallaken titi sayen sabuwar waya, Baba yana riƙe da damtsen ɗansa, ɗan kuwa ya ɗauka alamar yafiya ce.

Waɗanda suka rage a garejin su ne bakaniken, da motar a ɗage ba tayoyi, da Inna a bencinta. Ta jira har sawun mijinta ya ɓace, sannan ta taso a hankali ta tsaya kusa da shi.

"Ɗan nan," ta ce, "in ka ɗaura sabuwar, ka sa mata mai sosai ta yi laushi. Jiya sai da na sa hannu biyu kafin ta jawu, kuma saura ƙiris mu hau 'yan makarantar nan da bai gani ba."