Littafin da Bai Taɓa Saɓa wa Na'ura Ba

Ranar ƙarshen wata, da ƙarfe goma sha biyu daidai, Babban Akawu ya ja layi biyu da rula a ƙarƙashin jimillar kayan sito, ya ajiye fensir, ya bar littafin a buɗe, ya fita cin abinci. Haka aka koya masa a zamanin da ake koyar da aiki da gaske: lissafi ruwan rijiya ne, sai an bar shi ya kwanta kafin a sha. Sa'a ɗaya cur yake ba alƙaluman fensir su huce, sannan ya dawo ya bi su da tawada.

Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki kafaɗa da kafaɗa da na'ura. A gabansa aka sauke ta farko, mai baƙin allo da koren rubutu, aka nuna masa yadda ta kwaikwayi layuka da gidajen littafinsa, tana tara lambobi kafin mutum ya gama fere fensir. Ya ga zamanin faifai, ya ga zamanin da jadawalin ya samu launi da zane. Bai taɓa danna maɓalli ko ɗaya ba. Wannan aikin Sakatariya ne, wadda teburinta ke fuskantar nasa, mace marar yawan magana, mai zuwa da abincinta a kwano ta ci a mazauninta.

Kowane wata idan ya dawo, sai ta karanto jimillar jadawali, shi kuma ya dubi littafi, ya gyaɗa kai.

"Yarinyar ta ci jarrabawa," yakan ce. Na'urar yake nufi.

Sau ɗari uku da goma sha biyu aka yi haka, ba a taɓa samun saɓanin katan ɗaya ba. Abu biyu yake tinƙaho da su a duniya: yadda yake rubuta lambar bakwai ɗinsa mai ɗamara a tsakiya da wutsiya a lanƙwashe, da kuma cewa hannunsa bai san magogin fensir ba. Damuwarsa ɗaya, magogin da ke aljihun teburinsa kullum ƙanƙancewa yake yi. Har takarda ya taɓa rubuta wa hukumar kamfani, mai sakin layi huɗu, a kan ɓarnar ɓeraye.

A farkon wannan watan abubuwa biyu suka zo tare. Sakatariya ta yi ritaya, sabon Manaja kuma ya kawo sabuwar manhaja wadda ke cike gidajenta da kanta, ta yi hasashen kayan da za su ƙare nan da wata uku, a tambaye ta da baki ta amsa.

"Baba, tare da girmamawa," in ji Manaja, "littafin nan ya isa hutu. Mai littafin ma haka."

"Ɗana, wa zai riƙa duba aikinta?"

"Ita ke duba kanta."

"Ɗalibi ba ya gyara takardar jarrabawarsa."

Aka yi yarjejeniya a gaban ma'aikata. Idan littafi ya kama manhaja da kuskure a ƙarshen wata, Babban Akawu zai zauna a kujerarsa a matsayin mai bincike. Idan bai kama ba, to, ya miƙa mabuɗin ofis.

Yau ga ƙarshen watan ya zo. Da ƙarfe ɗaya Babban Akawu ya dawo, ya bi alƙaluma da tawada, Manaja ya karanto jimilla. Ba su dace ba. Bambancin katan casa'in na sabulu.

Babban Akawu ya miƙe a hankali, ya ɓalle maɓallin kwat, ya sake ɗaura shi, don kowa ya samu lokacin kallonsa.

"Kakarta ba ta taɓa yi mini musu ba, uwarta ma haka. Wannan 'yar baya ce marar tarbiyya. A buɗe sito."

Sa'a uku ana ƙirga, shi yana tsaye da rula yana nuna layin da za a bi. Dattijon mai gadin sito ya ƙirga sau biyu, na biyun don kunya. Katan ɗari biyar da arba'in, daidai da lissafin manhaja. Littafi ya ce ɗari huɗu da hamsin. Ashe Babban Akawu ya juya lambobi biyu ne, kuskuren da shi kansa ya sha jan kunnen sababbin ma'aikata a kai, yana koya musu cewa duk bambancin da tara ta raba daidai, a binciki hannun marubuci.

Mabuɗi ya zama na Manaja. Amma kuskure ɗaya a shekara ashirin da shida bai isa a kori mutum ba, in akwai shaida. Washegari Babban Akawu ya shirya takardar ƙorafi mai kwafi uku, ya nufi gidan Sakatariya don ta sa hannu.

Ya same ta a tsakar gida tana ba shuke-shuke ruwa. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta saurare shi har ya kai aya, ta karanta takardar tun daga sama.

"Malama, ke kaɗai ce shaidata. Wata ɗari uku da goma sha biyu, ko goge ɗigo ban taɓa yi ba."

"Wannan gaskiya ne, ranka ya daɗe. Kai ba ka taɓa ba."

Ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon gwangwanin madara, ta zazzage shi a kan takardar ƙorafin. Guntayen magogi suka zubo, duk sun cinye har ba su kai ƙwayar wake ba.

"Ga ɓerayenka," ta ce. "Kana fita cin abinci nake gyara littafin ya dace da na'ura, kuma wallahi bakwai ɗin nan taka sai da na shekara kafin na iya ta."